Tambaya da Amsa: Daga Accra zuwa Guangzhou, awa nawa ne a sama?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan makon duk na matafiya ne, na ɗauki guda huɗu da suka yi kama da juna, ta Hajiya ce a gaba dan ita ce mai tikiti a hannu kuma tafiyarta ta matso.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, a Aboabo nake zaune, shagona yana Kejetia. Da saƙo nake bayarwa ana sayo min kaya a Chaina, bana dai na ce bari in je da kaina in gani da idona. Ejan ya kawo min hanya uku, ta Dubai, ta Adis Ababa, da ta Istanbul. Wata abokiyar sana'ata ta ce ta Dubai zagaye ne tunda sai an yi arewa kafin a dawo. Sannan abin da ya fi ɗaure min kai, a takardar zuwa na lissafa ya fi awa 27, dawowa kuma bai wuce awa 12 ba. Anya ba cutata ejan ɗin nan zai yi ba? Daga wata Hajiya, Aboabo.

Amsa: Hajiya barka kadai, Allah ya sa a je a sa'a. Ki kwantar da hankalinki tukuna, a wannan maganar ta awa 27 da awa 12 ejan bai cuce ki ba, agogo ne ya rikita lissafin, zan zo kansa. Bari mu fara da nisan.

Daga filin jirgin Accra zuwa filin Baiyun na Guangzhou, in aka auna ta hanya mafi kusa a sama, kusan kilomita 12,100 ne. Manyan jiragen fasinja na yin wajen kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya in sun daidaita a sama, kinga da akwai jirgin da zai tashi kai tsaye da awa 14 da ɗoriya ya isa. Toh amma babu shi, dole sai an yada zango a wani gari an canza jirgi, shi yasa ejan ya ba ki uku ki zaɓa.

Maganar ƙawarki kuma, ba laifinta ba ne dan duk wanda ya kalli taswirar da ake liƙawa a bangon makaranta haka zai gani, amma ba haka abin yake ba. Accra zuwa Dubai kusan kilomita 6,300 ne, Dubai zuwa Guangzhou kusan 5,800, in kin haɗa 12,100 kenan, wato Dubai tana kan hanyar ne kusan daidai, ba a kauce ba sam. Ta Habasha, Accra zuwa Adis Ababa wajen 4,300, daga can zuwa Guangzhou ya ɗan haura 8,000, jimla wajen 12,350. Ta Turkiyya ce ta fi tsawo, 4,900 zuwa Istanbul sai kusan 7,900 daga can, wajen 12,800. Ki duba fa Hajiya, tsakanin wadda ta fi gajarta da wadda ta fi tsawo kilomita 700 ne kacal, bai kai tafiyar awa ɗaya a sama ba. Dan haka kar ki zaɓi tikiti da kilomita, duk wadda kika bi zaman cikin jirgi awa 15 zuwa 17 ne. Abin da ke bambanta su da gaske shi ne jiran da za ki yi a tsakiya, akwai tikitin da jiransa awa 3 ne akwai na awa 12 ko fiye, kuma sau da yawa mai arha shi ne mai dogon jira, mutum ya kwana a kan kujerar filin jirgi da jaka a cinya ga sanyin na'ura ga tsadar abinci, ya isa Chaina a gajiye kwana biyu bai iya shiga kasuwa ba, kuɗin otal na tafiya. Gajeren jira sosai shi ma ba alheri ba ne ga wadda ba ta saba ba, filin Dubai da na Istanbul manya ne ƙwarai, in jirginki na farko ya ɗan makara ki ga kina gudu da zani kina neman ƙofa. Ni a ganina ga sabon shiga awa 3 zuwa 5 ya fi.

Sai agogo. Mu a Ghana agogonmu shi ne na layin Girinwic wanda daga shi ake lissafin lokacin duniya, layin ma ta Tema ya ratsa. Habasha da Turkiyya suna gabanmu da awa 3, Dubai da awa 4, Chaina kuma da awa 8 cur, duk ƙasar agogo ɗaya suke bi. Kuma kowane lokaci da kika gani a tikiti na garin da jirgin yake ne a sannan, ba namu ba. Bari in ba ki misali. A ce kin tashi Accra ƙarfe 6 na yamma ranar Litinin, kika yi awa 8 a sama, a gida ƙarfe 2 na dare ne amma a Dubai 6 na safiyar Talata. Kika jira awa 4, kika sake yin awa 7 da rabi, za ki sauka Guangzhou 9 da rabi na daren Talata a agogonsu. Mai kallon takarda zai ce awa 27 da rabi kika yi, alhali 19 da rabi ne, sauran 8 ɗin na agogo ne. A dawowa abin sai ya juya, ki tashi tsakar dare ki iso Accra wajen azahar a ranar, takarda ta nuna awa 12 amma jikinki zai gaya miki 20 ya yi. Dan haka zuwa ki cire 8, dawowa ki ƙara 8, shikenan lissafi ya fito. Wannan awa 8 ɗin kuma ki sa shi a ranki dan waya, in kin idar da sallar asuba a Guangzhou kika kira gida, a Aboabo ba a jima da yin isha'i ba, in kuma kika kira da hantsinsu to tsakar dare kika tashi mutane.

Akwai inda nake so ki tsare ejan da tambaya, tunda daga Kumasi za ki taso. Kumasi zuwa Accra a sama wajen kilomita 200 ne, minti 40 ko ƙasa da haka daga filin Prempeh na ɗaya, a mota kuma wajen kilomita 250 amma kin san halin hanyar, go-silo daga Nsawam zuwa cikin gari kaɗai ya isa ya cinye miki lissafi. Ki tambaye shi, tikitin Kumasi da na Chaina a haɗe suke ko kowanne daban? In daban ne, jirgin Kumasi ya makara kika rasa babban jirgi, kamfanin waje ba ruwansa, asararki ce. Jiragen cikin gida ƙanana ne kuma kilon kayan da suke yarda da shi bai kai na manyan ba, wannan a dawowa zai dame ki in kin cika akwatuna. Shawarata ki sauko Accra kwana ɗaya kafin tafiya, ba za ki rasa 'yan'uwa a Nima ko Mamobi ko Fadama da za ki kwana wajensu ba, da rana tsaka ki wuce tamina ta 3 a filin jirgi hankali kwance. Ki tambaye shi kuma ko kayanki za su wuce kai tsaye har Guangzhou ko sai kin karɓa a tsakiya, da ko dogon jiran yana da otal daga kamfani. Katin allurar shawara ya kasance tare da fasfo a jakar hannu, ana tambayarsa.

Kuɗin tikiti shi ma ba kilomita yake bi ba, lokaci yake bi da yawan masu nema. Babban baje kolin Canton ana yinsa sau biyu a shekara a Guangzhou, Afrilu zuwa farkon Mayu da Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sannan tikiti da otal duk tashi suke. Lokacin sabuwar shekararsu kuma, ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, masana'antu da shaguna rufewa suke mutane su tafi garuruwansu, wanda ya je a sannan ya je kallon ƙofofi a kulle. In kuma an ce miki ki leƙa kasuwar Yiwu, ki sani ba bayan gari ba ce, kusan kilomita 1,000 ce daga Guangzhou, tafiya ce daban da kuɗinta. Kayan da za ki zuba a kwantena kuwa nasu nisan daban ne, jirgin ruwa sai ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu kafin ya hauro Tema, ya fi wata guda a ruwa ban da fitarwa a kastam, kar ki yi wa masu sayen kayanki alkawarin sallah sai kin lissafa wannan.

Na ƙarshe dan Allah Hajiya, zaman awa 8 ko 10 a kujera ɗaya ba wasa ba ne ga jijiyoyin ƙafa, jini na iya daskarewa. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina ɗan takawa, ki sha ruwa sosai kar ki ƙi sha dan gudun shiga bayi, in kina da hawan jini ko suga ki ga likita kafin tafiya, magungunanki kuma a jakar hannu.

Tambaya: Salam Malam. Yayana yana Bronx a New York, in sha Allah zan bi shi karatu. Na duba Google wani waje ya ce 5,100 wani ya ce 8,200, wanne ne gaskiya? Kuma ya ce min zuwa ya fi dawowa daɗewa, sannan wai a masallacinsu arewa maso gabas suke kallo, alhali a taswira Makka tana ƙasa da su. Ni abin bai shige ni ba. Daga wani ɗalibi, Nima.

Amsa: Ƙanena Allah ya ba da sa'ar karatu. Duka biyun gaskiya ne, ɗaya mil ne ɗaya kilomita. Amurkawa da mil suke awo, mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan kai, mil 5,100 shi ne kusan kilomita 8,200, nisan Accra zuwa filin JFK na New York kenan. In ka ga wani adadi na uku wajen 4,400 to milin teku ne da matuƙa jirgi ke aiki da shi, shi kuma kilomita 1.852 ne. Kamfanin Delta na yin hanyar kai tsaye, zuwa wajen awa 11, dawowa wajen awa 10. Dalilin bambancin iska ce, can sama inda jirage ke tafiya, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a sassan arewa, mai zuwa Amurka yana karo da ita mai dawowa tana tura shi, kuma ta fi ƙarfi lokacin sanyinsu. Agogon New York yana bayanmu da awa 5 lokacin sanyi, awa 4 daga Maris zuwa farkon Nuwamba saboda suna matsar da agogonsu.

Maganar alƙibla ita ce ta fi min daɗi a wasiƙarka, kuma yayanka daidai yake kallo. Duniya a mulmule take, taswirar bango kuma an baje ta ne a takarda, ba yadda za a yi a baje mulmulallen abu bai miƙe ta wani wajen ba. Irin taswirar da muka saba gani Mercator ne ya tsara ta a 1569 dan matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura ƙasashen da ke can arewa, shi yasa za ka ga Girinlan kamar ta kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Ka samu lemo babba ka ɗiga alama biyu a jikinsa nesa da juna, ka ja zare tsakaninsu ka ɗame shi sosai, inda zaren ya kwanta ita ce hanya mafi kusa, in da za ka ɓare ɓawon ka shimfiɗa sai ka ga layin ya lanƙwashe. Da wannan awon ake fitar da hanyar jirgi, da shi kuma ake fitar da alƙibla. Makka tana kan digiri 21 arewa, New York tana kan 40 da ɗoriya, a takarda sai ka ce kudu maso gabas za a kalla, amma hanya mafi kusa daga New York zuwa Ka'aba tana fara yin arewa maso gabas ne, wajen digiri 58 daga arewa, ta hau tekun Atlantika ta sauko ta Turai. Mu nan da muke kusa da tsakiyar duniya lanƙwasar ba ta da yawa shi yasa ba ma lura, gabas muke kallo mu ɗan karkata arewa.

Ranar da ka hau jirgin ka kunna taswirar da ke jikin kujera ka gani. Hanya mafi kusa daga Accra tana yin arewa maso yamma, ta bi kusan ta saman Kumasi, ta ratsa arewacin Kwaddibuwa ta wuce kusa da Bamako, ta faɗa teku ta gaɓar Muritaniya. Ba kullum ake bin ta daidai ba, matuƙa suna kaucewa hadari da iska, kuma jirgi mai inji biyu akwai dokar da ta hana shi yin nisa fiye da ƙima da filin da zai iya saukar gaggawa, a wannan tekun akwai tsibiran Kef Bad da Azores da Bamuda.

Abin da zan ƙara maka, mutanenmu da yawa suna ɗauka gari in yana kusa tafiyarsa ma kusa ce. Accra zuwa Kano wajen kilomita 1,200 ne kawai, bai kai awa 2 ba da akwai jirgi kai tsaye, amma sai ka sauka Legas ko Abuja ka jira wani, wuni guda ya tafi, wanda ya tashi Landan mai kilomita 5,100 a awa 6 da rabi ya riga ka isa. Wannan abu yana ci min rai wallahi, ƙasashenmu maƙwabtan juna, dangi a ko'ina, amma zuwa Turai ya fi sauƙi a kan zuwa gaida kaka.

Tambaya: Malam, kakana da ƙafa ya tafi Makka, mun ji an ce shekaru ya yi kafin ya dawo. Ni kuma Allah ya nufa yarana sun biya min kujera. Ina so in san tsawon hanyar, kuma a ina zan ɗaura harami? Daga wani dattijo, Sabon Zango, Accra.

Amsa: Baba barkanku da arziki, Allah ya yi wa yaran albarka, ya sa ku yi karɓaɓɓiya. Daga Accra zuwa Jidda kusan kilomita 4,600 ne, zuwa Madina wajen 4,700, in hanya a buɗe take awa 6 ne ko da ɗan ƙari. Daga Tamale ya ɗan fi kusa, tun 2016 ake kwasar alhazan arewa daga can ba sai sun sauko Accra ba. Hanyar da kakanku ya bi kuwa kusan ita jirgin ke bi ta sama, mutanen da suna fita ta ƙasar Hausa da Barno, su wuce Fallomi wadda yanzu ake kira Njamena, su shiga Darfur su kai Khartum, sannan Suwakin a bakin Bahar Maliya su hau jirgin ruwa su tsallaka Jidda. Abin da ya sa ake shekaru ba tsawon kaɗai ba ne, guzuri ke ƙarewa mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara na gaba, wasu ma a Sudan suka zauna, har yau zuriyarsu na can suna jin Hausa.

Amma ku shirya wa abin da ya fi awa 6. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagayewa, zagaye kuma lokaci ne da mai. Irin haka ta faru a Agustan 2023 da Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki, jiragen da ke zuwa Turai daga yankinmu sai da suka canza hanya. Agogon Saudiyya yana gabanmu da awa 3.

Harami kuma ya danganta da inda za ku fara sauka. In Madina ce, kuma sau da yawa alhazanmu can ake fara kai su, ba ku da damuwa a jirgi, sai ranar fita zuwa Makka ku ɗaura a Zul Hulaifa da ake kira Abyar Ali, tsakanin biranen biyu wajen kilomita 450 ne. In kuma Jidda za ku sauka ku wuce Makka kai tsaye, jirgi na wuce daidai miƙati tun yana sama, shi yasa ake yin wanka a sa tufafin tun a sansanin alhazai, a yi niyya in an sanar a cikin jirgi. Ku zauna da malamin da zai raka ayarinku tun kafin ranar tashi ya warware muku dalla-dalla, kuma Baba abin da na gaya wa Hajiya na takawa da shan ruwa ku ya fi shafa.

Tambaya: Yaya, wace tafiya ce ta fi kowacce tsawo a jirgi ba tsayawa? Gardama muke a makaranta. Daga wata ɗaliba, Asawase, Kumasi.

Amsa: Ƙanwata, ta Singafo zuwa New York ce, kamfanin Singapore Airlines ke yi, ta haura kilomita 15,300, awa 18 zuwa 19 a sama. Kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne, kinga ba garuruwa biyu da za su fi nisan 20,000 tsakaninsu, in kin wuce haka kin fara dawowa ta ɗaya gefen. Wurin da ya fi ko'ina nisa da Accra yana tsakiyar tekun Pasifik kusa da tsibiran Tubalu. Ki ƙara musu da wannan a gardamar, daga Accra zuwa Sidni ta Ostireliya wajen kilomita 15,700 ne, ya ɗara ma waccan hanyar ta Singafo, mai zuwa can daga nan sai ya yada zango a Dubai ko Doha ko Johannesbag. Masu tambaya kan biza da kuɗin kaya fiye da kilo, na ga wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.